Lambar da ba ta motsa ba: tarihin fitar da bugu-bugun taskar C ta GNU

1. Gabatarwa

Wanda duk ya leƙa cikin kwamfuta mai aiki da Debian, ko Ubuntu, ko Fedora, ko wani ɗan'uwansu daga dangin Linux, zai tarar da wani fayil mai suna libc.so.6. Fayil ɗin nan shi ne taskar C ta GNU, wadda aka fi sani da glibc. Da wuya a sami manhajar da ba ta bi ta kansa idan za ta buɗe fayil, ko ta rubuta harafi bisa allo, ko ta nemi wuri cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ko ta jera sunaye daga a zuwa z. Abin da ya ja hankalinmu a nan shi ne lambar da ke ƙarshen sunan. A shekara ta 1997 aka sa wannan 6. Daga lokacin zuwa yau an fitar da sabon bugu na taskar fiye da sau 40, an sake shugabanni, an yi saɓani har an rabu an kuma komo, amma lambar tana nan inda aka aje ta.

Ra'ayin da muke son kafawa cikin wannan takarda shi ne, lambar nan alkawari ce da masu taska suka ɗaukar wa masu aiki da ita, kuma tarihin fitar da bugu-bugunta tarihi ne na gano iyakar wannan alkawari. Sau da yawa sai bayan an yi ɓarna ake sanin abin da ya ƙunsa da abin da ya bari a waje.

Kalmomi uku za su yi ta maimaituwa, don haka gara mu daidaita a kansu tun yanzu. Taska ita ce abin da Faransanci ke kira bibliothèque logicielle, watau tarin ƙananan ayyuka da aka riga aka rubuta domin wasu manhajoji su ara. Kowane ɗaya daga cikin ƙananan ayyukan, wanda Faransanci ke kira fonction, za mu kira shi hidima. Kalmar version kuwa mun fassara ta da bugu, kamar yadda ake cewa bugu na biyu na littafi. Kamancen yana da amfani ga malamin jami'a: duk wanda ya taɓa ba ɗalibbai lambar shafi daga tsohon bugu, su kuwa suna riƙe da sabo, ya san irin ruɗanin da ake magana a kai.

2. Lokacin da kowa ke riƙe da kwafinsa

Ɗaya daga cikin taskokin farko da tarihi ya riƙe ita ce ta na'urar EDSAC ta Jami'ar Kambirij a Ingila, wadda ta fara aiki cikin watan Mayu na 1949. An huda kowace hidima bisa zaren takarda, an adana zarurrukan cikin kabad, mai rubuta manhaja kuma ya kan ɗauko wanda yake so a kwafe masa shi cikin nasa zaren. Littafin da Maurice Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill suka buga a 1951 ya ba da babban kashi ga bayanin wannan taska. Abin lura shi ne, da zarar an kwafa, hidimar ta zama mallakar manhajar. In daga baya aka gyara zaren da ke cikin kabad, gyaran ba ya kai wa ga tsohuwar manhaja, haka kuma in aka ɓata shi, ɓarnar ba ta isa gare ta.

Shekaru ashirin bayan haka al'amarin bai canza ƙwarai ba. A 1970 wasu cibiyoyin lissafi na jami'o'in Ingila suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar NAG, suka fitar da bugun farko na taskar lissafinsu, mai suna Mark 1, cikin Oktoba na 1971. Ana aika irin wannan taska bisa faifan maganaɗisu tare da littattafan bayani, ma'aikatan kowace cibiya su ne ke yanke ranar da za su ɗora sabon bugu. Manhajar da aka riga aka haɗa tana ɗauke da kwafinta na hidimomi a cikinta.

Abin da ya juya lamarin shi ne taskar tarayya. Kamfanin Sun ya shigo da ita cikin SunOS 4.0 a 1988, ta kuma bazu a duniyar Unix. A wannan tsari kwafi guda ne ke bisa faifan na'ura. Manhaja ba ta riƙe da kome sai sunan taskar da sunayen hidimomin da take so, a lokacin da aka kunna ta ake haɗa su. Ribar a fili take: an rage cin wuri, kuma gyara guda yana warkar da manhajoji ɗari. Amma ta ƙofar da gyara ke shiga, ta nan ɓarna ke shiga. Mutum zai sake fayil guda da dare, gari ya waye halin kowace manhaja a na'urar ya canza. Domin tsare wannan ne aka liƙa lamba a jikin sunan taska. Ƙa'idar ita ce, muddin sabon bugu zai iya riƙe tsofaffin manhajoji, a bar lambar. Ranar da ya kasa, a ƙara ta, tsohuwar taska da sabuwa su zauna gefe da gefe.

3. Daga 5 zuwa 6

Roland McGrath ya fara rubuta taskar C ta GNU a 1987, yana saurayi, domin gidauniyar FSF ta Richard Stallman. Bugu na 1.0 ya fito a Fabrairu na 1992, watanni kaɗan bayan Linus Torvalds ya saki ƙwayar Linux ta farko a 1991. Mutanen Linux suna sauri, GNU kuwa tana fitar da bugu a hankali, sai suka ɗauki kwafin taskar suka ci gaba da gyara shi da kansu, H. J. Lu yana cikin masu riƙe da aikin. Wannan reshe ya yi nasa lissafin: libc.so.4 a zamanin tsohon fasalin fayil na a.out, sa'an nan libc.so.5 lokacin da Linux ta koma fasalin ELF wajen 1995.

Da glibc 2.0 ta fito a Janairu na 1997, ta fi reshen Linux bin ƙa'idojin POSIX, ta fi shi iya aiki da manhajoji masu gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, ta kuma fi shi tanadi domin harsunan duniya. Aka yarda a komo gida. Tun da reshen ya riga ya ci lamba 5, sai aka ba glibc 2.0 sunan libc.so.6 bisa Linux. Ke nan wannan 6 ba daga lissafin GNU ta fito ba, gado ce daga kishiya.

Komowar ta yi tsada. Taskar C ita ce ƙasan gini, sauran taskoki duka bisa kanta suke zaune. Bai isa a aje 5 da 6 gefe da gefe ba, domin manhajar da aka haɗa da 6, in ta kira wata taska ta zane ko ta matse fayil wadda aka haɗa da 5, sai taskokin C biyu su hadu cikin ƙwaƙwalwa guda, kowace da nata fahimtar yadda bayanai ke kwance, manhajar ta faɗi. Dole aka sake haɗa kusan kome. Red Hat ta ƙetara da bugunta na 5.0 a Disamba na 1997, Debian da bugunta na 2.0 a Yuli na 1998, Slackware kuwa sai a 1999. (A wannan shekara ce Patrick Volkerding ya tsallake daga Slackware 4 zuwa 7, domin ya gaji da masu zaton nasa tsarin ya tsufa saboda na wasu ya kai 6. Lambar bugu tana da fuska biyu tun asali, ɗaya ta injiniya, ɗaya ta kasuwa.) Kamfanonin da ba su sakin rubutun manhajarsu, kamar Netscape, sai da suka riƙa fitar da kwafi biyu, na libc5 da na glibc. Debian ta liƙa harafin g a ƙarshen sunayen taskokin da aka sake haɗawa domin a bambanta su da tsofaffi. Wanda ya ga sunan zlib1g a na'urarsa, tabon wancan lokaci ne yake gani.

A ganinmu shekaru biyu zuwa uku na wannan wahala su ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Masu taskar sun fahimci cewa ƙa'idar ƙara lamba, wadda ta dace da ƙaramar taska, ba ta ɗaukuwa ga taskar da kowa ke tsaye bisa kanta. Lamba 7 ta zama abin da ba a so a sake gani.

4. Lamba ga kowace hidima

Mafitar ta zo da glibc 2.1 a Fabrairu na 1999, a lokacin da Ulrich Drepper ke jan ragamar aikin. Maimakon lamba guda ga taska duka, sai kowace hidima ta sami tata. Tunanin ya samo asali daga Solaris ta kamfanin Sun, amma mutanen GNU sun ƙara masa abu mai muhimmanci: hidima guda tana iya zama cikin fayil guda da siffa biyu ko uku, kowace da hatiminta. Alal misali, bisa na'urorin Intel masu bit 32, hidimar buɗe fayil mai suna fopen tana nan da hatimin GLIBC_2.0, tana kuma nan da hatimin GLIBC_2.1. Lokacin da ake haɗa manhaja, ana rubuta a jikinta hatimin da ta tarar a matsayin sabo. Bayan shekara ashirin, in aka kunna ta, za ta nemi wannan hatimi, a kuma ba ta tsohuwar siffar da ta sani. Sabuwar manhaja ta ɗauki sabuwa. Ba a jefar da tsoho, sai dai a ɓoye shi ga masu zuwa.

Daga nan fitar da bugu ya zama aiki mai ƙa'ida da na'ura ke iya dubawa. Cikin rubutun taskar akwai jerin dukan hidimomin da aka taɓa fitarwa, da hatimin kowace, domin kowane irin furosesa. Kafin a saki sabon bugu ana gwada abin da aka haɗa da wannan jeri. In wata hidima ta ɓace, ko wata ta ɓullo ba da sani ba, gwajin ya tsaya. Da wannan dabara aka yi manyan sauye-sauye ba tare da taɓa 6 ba. A bugu na 2.34, cikin Agusta na 2021, an haɗiye wasu taskoki da suka daɗe a ware, kamar libpthread da libdl, cikin libc kanta, aka bar fankon fayilolinsu domin tsofaffin manhajojin da ke neman su da suna.

Sai dai alkawarin hanya guda yake bi. Tsohuwar manhaja za ta yi aiki bisa sabuwar taska. Sabuwar manhaja ba ta da tabbacin yin aiki bisa tsohuwa. In an haɗa ta bisa na'ura mai 2.34 aka kawo ta na'ura mai 2.31, sai ta ƙi tashi, ta ce ba ta sami hatimin GLIBC_2.34 ba. Nauyin wannan ya fi faɗa wa masu riƙe da na'ura shekara da shekaru ba sabuntawa, kuma ɗakunan kwamfuta na jami'o'inmu ba baƙi ba ne ga wannan hali. Masu rarraba taskokin harshen Python sun yi wa matsalar dabara a 2016: suka tsayar cewa a riƙa haɗa abin da za a rarraba bisa CentOS 5, mai glibc 2.5 ta shekarar 2006, domin abin da aka haɗa bisa tsoho yana tafiya bisa kowane sabo. Daga baya ma suka sa lambar glibc cikin sunan ƙa'idar tasu, kamar manylinux_2_28. Watau mai son kayansa su shiga ko'ina, sai ya nemi tsohuwar maƙera.

5. Rigimar memcpy

Hatimi yana tsare abin da aka rubuta cikin yarjejeniya. To, abin da ba a rubuta ba, amma mutane suka saba da shi fa? Wannan tambaya ta fito fili a ƙarshen 2010.

Harshen C yana da hidimomi biyu na kwafar bayanai daga wani wuri na ƙwaƙwalwa zuwa wani. Ta farko, memcpy, ana nufin ta yi sauri, kuma ƙa'idar C tun ta 1989 ta faɗa ƙarara cewa in wurin ɗauka da wurin ajewa sun hau juna, ba a lamunce sakamako ba. Ta biyu, memmove, ita ce aka tanada domin wuraren da suka hau juna. Shekara da shekaru memcpy ta glibc tana kwafa daga farko zuwa ƙarshe. In ana jan rubutu baya da gurbi uku cikin layi guda, kwafa daga farko ba ta ɓata kome, domin duk gurbin da za a taka an riga an karanta shi. Masu rubuta manhaja da yawa sun yi wannan kuskure ba su sani ba, tun da bai taɓa cizon su ba.

A 2010 aka shigar da wani gyara cikin glibc wanda ke sa memcpy ta kwafa daga ƙarshe zuwa farko bisa wasu furosesa na Intel, domin hakan ya fi sauri. Gyaran bai saɓa wa ƙa'ida ba ko da harafi guda. Amma da Fedora 14 ta fito da shi a Nuwamba na 2010, sai masu sauraron sauti ta manhajar Flash ta kamfanin Adobe, mai bit 64, suka fara jin ƙara da kwaramniya. Flash tana kiran memcpy bisa wuraren da suka hau juna, kuma rubutunta a rufe yake, ba mai iya gyara shi sai kamfanin.

Amsar farko daga ɓangaren masu taska ita ce laifin na Flash ne, taska ba ta karya kome ba. Linus Torvalds, wanda abin ya shafi na'urarsa, ya tsaya a ɗaya gefen. Hujjarsa ita ce mai sauraro bai san wata ƙa'ida ba, abin da ya sani jiya sauti na fita yau ba ya fita, kuma ribar saurin ba ta kai a ɓata manhajar da ke aiki ba. Ya nemi a mai da memcpy ta yi halin memmove kawai. Wannan ita ce dokar da ya daɗe yana bi a ƙwayar Linux, cewa ba a karya manhajojin masu amfani.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma bai kamata a yi saurin raina ta masu taska ba: in duk halin da wani ya dogara da shi ya zama doka, ba sauran abin da za a iya gyarawa. Amma mun fi karkata ga Torvalds a wannan gaɓa, saboda dalilin tarihi. Manufar tsayar da 6 tun 1997 ita ce kada tsohuwar manhaja ta lalace. Tiyar da aka shekara ashirin ana awo da ita a kasuwa, ranar da aka rage mata ciki ba a kare kai da cewa ba a taɓa rubuta girmanta a takarda ba. Daga baya wani injiniyan Google, Hyrum Wright, ya faɗi abin a dunƙule, har ake kiran sa dokar Hyrum: in masu aiki da taska suka yi yawa, duk wani halinta da ake iya gani, wani zai dogara da shi, ko an alkawarta ko ba a alkawarta ba.

Sulhun da aka yi a bugu na 2.14, cikin 2011, da kayan aikin 1999 aka yi shi. Bisa na'urori masu bit 64 na dangin x86, memcpy ta sami sabon hatimi, GLIBC_2.14, mai sauri kuma marar lamuni. Tsohon hatimi, GLIBC_2.2.5, aka mai da shi mai haƙuri da wuraren da suka hau juna. Tsofaffin manhajoji suka warke, sababbi kuma aka bar su da ƙa'ida. Ba a ce Flash ta yi daidai ba, amma a aikace an faɗaɗa alkawarin har ya rufe kuskuren da ya tsufa.

6. Wa ke fitarwa, kuma yaushe?

A shekarun nan ne kuma shugabancin aikin ya shiga tangal-tangal. Ana kukan cewa gyare-gyaren da suka shafi ƙananan na'urori, irin masu furosesa ARM, ba su samun karɓa, kuma mu'amala da masu kawo gyara ta yi tsauri. Wani reshe mai suna EGLIBC ya tashi, a Mayu na 2009 kuma Aurélien Jarno ya ba da sanarwar Debian za ta koma kansa. Cikin dalilan da ya kawo akwai cewa reshen yana kula da tsofaffin bugu, yana mayar musu da gyara. A Maris na 2012 kwamitin da ke bisa glibc tun 2001 ya rushe kansa, aka miƙa aikin ga taron masu gyara. Tun daga 2.16, a Yuni na 2012, aka koma fitar da bugu bisa kalanda, kusan kowane wata shida, wajen Fabrairu da Agusta, tare da mutum guda mai kula da kowane bugu da lokacin dakatar da sababbin abubuwa kafin ranar fitarwa. Da dalilin rabuwa ya gushe, EGLIBC ta tsaya a 2.19 cikin 2014, Debian ta komo. McGrath da kansa ya sauka a 2017, bayan shekara 30.

Kalanda ta kawo natsuwa, amma ba ta magance wani abu ba: yawancin mutane ba daga hannun masu taska suke karɓar ta ba. Masu rarraba Linux su kan ɗauki bugu guda su riƙe shi shekaru, suna tsinto gyare-gyare masu muhimmanci daga sababbin bugu suna liƙa masa. Red Hat Enterprise Linux 7 ta fito a 2014 da glibc 2.17, ta riƙe wannan lamba har ƙarshen wa'adinta na kulawa a Yuni na 2024. Masu tsinton nan kuwa suna dogara ne da abin da aka rubuta game da kowane gyara.

Kafar da aka laƙaba wa suna GHOST ta nuna haɗarin. Kuskure ne cikin hidimar gethostbyname, mai neman adireshin na'ura daga sunanta, kuma yana nan tun bugu na 2.2 na Nuwamba 2000. An gyara shi a Mayu na 2013, gyaran ya fita cikin 2.18 a Agusta. Amma an rubuta shi a matsayin kuskure na yau da kullum, ba a gane cewa ɓarawo na iya shiga na'ura ta nan ba. Don haka masu riƙe da tsofaffin bugu ba su tsince shi ba. Sai a ranar 27 ga Janairu 2015, da kamfanin Qualys ya bayyana yadda za a yi amfani da kafar, aka tarar Debian 7, da Ubuntu 12.04, da Red Hat 6 da 7 duk a buɗe suke. Magani ya fi shekara ɗaya da rabi a aje. Abin da ya ɓace layi guda ne cikin sanarwar bugu.

7. Jerin haruffa

Misali na ƙarshe shi ne ya fi kusa da aikin sashenmu, domin ya shafi jerin kalmomi. Taskar C ce ke gaya wa manhajoji wace kalma ke gaba da wace, gwargwadon harshen da aka zaɓa. Tana ɗauke da tsare-tsaren harsuna masu yawa, har da na Hausa mai suna ha_NG, kuma yawancinsu suna zaune bisa babban jadawali guda da aka ɗauko daga ƙa'idar ISO 14651. Jadawalin glibc ya shekara fiye da goma sha biyar bai bi sabuntawar ƙa'idar ba. A bugu na 2.28, ranar 1 ga Agusta 2018, aka daidaita shi da bugun ƙa'idar na 2016. Gyara ne mai kyau, dubban haruffan Unicode da ba su da tsayayyen matsayi suka samu. Ba hidimar da ta ɓace, ba hatimin da ya canza, gwajin jerin hidimomi ya wuce lafiya. Abin da ya canza shi ne amsar da hidimar ke bayarwa.

Misalin da masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka yaɗa shi ne na 11 da 1-1. Kafin 2.28, 11 ke gaba, domin a zagayen farko na kwatanci ana tsallake karan ɗori. Daga 2.28, 1-1 ke gaba. Mai nazarin Hausa zai ga inda wannan ya dosa nan take, tun da harshen cike yake da kalmomi masu ninki. A ɗauki kalaci da kala-kala. In an tsallake karan ɗori, c ake gwadawa da k, kalaci ta riga. In an lissafa shi, kala-kala ta riga.

Ga wanda ke buga jerin kalmomi a takarda, wannan ƙaramin abu ne. Ga rumbun bayanai kuwa babba ne. Rumbu yana gina fihirisa, watau jeri da aka tsara sau ɗaya aka aje bisa faifai, kuma in ana neman kalma ba a karanta shi duka: ana duba wani matsayi, a tambayi taska ko kalmar tana gaba ko tana baya, a bi ɓangaren da ta nuna. In an gina fihirisar da tsohon jeri ana kuma neman da sabo, tambayar tana iya kai mai nema hagu alhali kalmar tana dama. Rumbu ya ce babu ita. Mafi muni, in an sa dokar kada kalma ta shiga sau biyu, sai ta shiga, tun da ba a ga ta farkon ba. Ba saƙon kuskure, ba faɗuwar manhaja. Mutum zai iya yin watanni yana ƙara shigar da kalmomin ƙamus bisa fihirisar da ta karkace. Canjin ya iso ga jama'a a 2019, da Red Hat 8 a Mayu da Debian 10 a Yuli, lokacin da masu kula da na'urori suka sabunta tsarin suka bar fayilolin rumbu yadda suke, kamar yadda alkawarin 6 ya saba musu.

A nan dabarar hatimi ba ta da abin yi. Hatimi yana rubuce a jikin manhaja, abin da ya dogara da tsohon jeri kuwa bayanai ne da ke kwance bisa faifai, su kuma ba su ɗauke da hatimin kowa. Maganin da ya rage shi ne a sake gina kowace fihirisa ta rubutu bayan sabuntawa. Masu PostgreSQL suka shiga yi wa bayanai abin da glibc ta yi wa manhajoji: daga bugu na 13, a 2020, rumbun yana rubuta lambar glibc da aka yi jeri da ita, ya yi gargaɗi in ta canza, bugu na 15 kuma a 2022 ya faɗaɗa wannan ga jerin da rumbu duka ke bi.

Akwai wata taska, ICU, wadda ita ma ke jera kalmomi, PostgreSQL kuma tana iya aiki da ita tun bugu na 10 a 2017. ICU ta bi hanyar da glibc ta guje wa: kowane babban bugu nata yana canza lambar da ke jikin sunan fayil, har sunayen hidimomin suna ɗauke da lambar bugu. Wahalar sake haɗawa tana komowa kullum, amma ba wanda sabon jeri ke shigo wa ba sallama. Ƙa'idar Hausa da take bi tana aje ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ƴ bayan y, tana kuma ɗaukar sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu.

A Satumba na 2024 PostgreSQL 17 ta ƙara hanya ta uku, jeri na cikin gida wanda bai dogara da kowace taska ba, kuma ba ya canzawa daga bugu zuwa bugu. Yana bin lambar da Unicode ta ba kowane harafi ne kawai. Ga Ingilishi wannan bai yi nisa da jerin da aka saba ba. Ga Hausa kuwa, ƙananan haruffan nan huɗu masu lanƙwasa duk lambobinsu sun fi ta z girma, kuma ko a tsakaninsu ba su bi tsarin abacada ba: ƙ ce ke gaba, sai ƴ, sai ɓ, sai ɗ. Sashen da ya zaɓi wannan jeri domin fihirisar ƙamusunsa ta zauna lafiya, zai tarar da ƙasa, da ƴaƴa, da ɓera, da ɗaki a can ƙarshen littafi, bayan zuma.